Bishiyar da Ba Ta da Allo

Shekara talatin da biyar ya yi yana haƙa wa manyan mutane rami, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ya taɓa tambayar sunansa. Ma'aikacin lambu ne a jami'ar. Duk ranar da wani babba zai kawo ziyara, shi ake turawa tun da safe ya haƙa rami, ya zuba taki, ya ajiye dashe a gefe, ya goge sheburin nan mai ruwan azurfa da ba ya fitowa daga sito sai ranar baƙi. Da an jiyo jiniya, jami'in tarbar baƙi na wancan zamani sai ya daka masa tsawa, "Haƙa ka matsa!" don kada ya fito a hoto da tsohon takalmin robarsa. Maganar ta bi shi har ta zame masa suna. Jami'in ya daɗe da mutuwa, ɗalibai sun zo sun tafi, amma har yau in ka ce Haƙa-ka-matsa, ko masu gadin ƙofa za su nuna maka inda yake.

Wurin da yake haƙar, Layin Manya ake ce masa. Hanya ce da ta tashi daga babban ɗakin taro ta miƙe har laburare, bishiyoyi dama da hagu, kowace da ɗan ginshiƙin siminti a gabanta, an kafa masa allon tagulla: wane ne ya dasa wannan da hannunsa, rana kaza, shekara kaza. Ya ga hannayen nan duka. Ya ga shugaban da ya zo cikin kaki, ya riƙe shebur kamar zai soki wani, ya zuba ƙasa sau ɗaya ya miƙa wa mai tsaronsa. Ya ga ministan da ya yi jawabin awa biyu a kan amfanin itatuwa, da zai koma mota ya taka dashen. Ya ga ɗan wasan barkwancin da ya faɗa ramin da gangan don ɗalibai su yi dariya, suka kuwa yi, shi aka bari da gyara. An kawo wani zakaran dambe ya danne ƙasar da ƙafa har sai da ya karya wuyan dashen. An kawo wata tauraruwar fim da ta ce ƙasa tana sa ta atishawa, ta taɓa ganye da yatsa biyu, aka yi ta tafi.

Akwai abin da allunan ba su faɗa ba. Manya ba sa isowa sai rana ta take, kuma babu wanda ya taɓa cire ledar da ke naɗe da saiwar, da ita suke binnewa. Kwana uku zuwa huɗu dashen ya sunkuyar da kai. Sai Haƙa-ka-matsa ya turo baro da sassafe, ya tone gawar, ya sa wani dashen mai kama da shi, ya yi ta ɗawainiya da shi har ya kama ƙasa. In gaskiya za a bi, duk bishiyoyin masu allo shi ya dasa su. Da yana matashi abin yana ci masa rai. Daga baya ya daina, don fushi ma sai da ƙarfi ake yinsa, shi kuwa ƙarfin ya tafi a jan tiyo.

Siyasa ma ta hannun sukudireba ya santa. Ba ya sauraren labarai, amma da ya ga ɗan aike ya zo da takarda cewa a kwance allon wane, ya san an yi waje da wane. Ya kwance, ya naɗe a buhu, ya jingina a bayan sito tare da 'yan'uwansa. Akwai wani ɗan siyasa da sau uku ana kwance allonsa ana mayarwa, har ramukan kusoshin suka lalace. A karo na huɗu bai ɗaure shi da ƙarfi ba, ya ce kada ya wahalar da kansa gaba.

Bishiya ɗaya ce a layin ba ta da allo, wani madaci a ƙarshen hanya, daidai kwana. Ita ce mafi tsawo, kuma ita kaɗai ce ba shi ya dasa ba.

Shekara talatin da ɗaya ke nan da aka gayyaci wani babban mawaƙi mai baƙin tabarau, wanda a lokacin ko jariri ya san waƙarsa. An haƙa rami, an jera kujeru, an buga allo da sunansa. Ya zo a makare, ya yi wasa a ɗakin taro, ɗalibai suka kusa ɓalle ƙofa. Da motarsa ta iso bakin ramin, ya sauke gilashi kaɗan, ya dubi taɓon da ruwan safe ya bari, ya dubi farin takalminsa, ya ce wa direba su wuce. Jama'a suka bi motar a guje. Aka bar Haƙa-ka-matsa da rami, da dashe, da kujeru, da matarsa wadda ta kawo masa abinci tana ɗauke da tsohon cikin autarsu. Ita ta dasa madacin. Allon mawaƙin kuwa bai taɓa hawa ginshiƙi ba, ya tafi bayan sito.

Shekara huɗu ke nan da matarsa ta rasu. Tun daga nan a gindin madacin yake cin abincin rana, a kan wata saiwa da ta fito waje ta yi daidai da zama. Ba ya yi mata magana, shi ba mai irin wannan ba ne. Yana dai zama ya miƙe ƙafar da ke ciwo, ya ji dama-dama. Saura masa wata biyar ya yi ritaya, kuma duk abin da yake roƙo shi ne a bar shi ya ƙarasa su ba hayaniya.

Ana haka jami'ar ta cika shekara sittin, aka ce shugaban gwamnati da kansa zai zo. Wata safiya ya iso ya tarar an shafa wa madacin jan fenti, an gicciya shi a daidai ƙirji. Ya san ma'anar fentin, don shi ma ya sha shafa wa wasu. Ya ajiye baro a nan tsakiyar hanya ya nufi ofishin daraktan ayyuka.

Daraktan sabo ne, bai fi sa'ar babban ɗansa ba, mai ladabi, mai yawan duba agogo. Ya ba shi kujera, abin da babu daraktan da ya taɓa yi.

"Baba, a nan za a kafa dandamali da rumfar shugaba," ya ce. "Ƙa'idar mai sauƙi ce. Duk bishiyar da ke da allo tarihi ce, ba a taɓa ta. Wadda ba ta da shi itace ce kawai. Ranar Litinin masu inji za su zo."

"Ranka ya daɗe, wannan ma tana da wanda ya dasa ta."

"Wa?"

"Matata."

Daraktan ya ɗauki biro kamar zai rubuta, ya tsaya. "A wane matsayi?"

Haƙa-ka-matsa ya yi ta juya tambayar a kansa. A matsayin wadda ta kawo abinci, ko a matsayin wadda ta ga rami a buɗe ta ce bai kamata ya kwana haka ba? Bai ga wanda zai shiga fayil ba. Ya ce, "Matata ce dai."

"Allah ya ji ƙanta, Baba. Na san da ciwo. Amma in na rubuta wa kwamiti haka, dariya za su yi mini."

Ya yi godiya ya fito. Ranar bai iya cin abinci ba. Ya zauna a kan saiwar yana kallon fentin, gajiya ta sauko masa irin wadda barci ba ya maganinta. Wajen la'asar ya tashi ya shiga sito, ya yi ta ɗaga buhuna, yana wuce tsofaffin ministoci da gwamnoni, har ya kai ga na can ƙasa. Allon ya yi kore, amma sunan mawaƙin da kwanan watan suna nan raɗau.

Autar tasa a ofishin magatakarda take aiki, ita ke buga takardu. A gidansa take zaune da 'ya'yanta biyu tun da mijinta ya tafi aiki nesa. Da ta dawo ta same shi a tsakar gida yana goge tagulla da toka da tsumma, ta karanta sunan, ta ajiye jakarta a hankali.

"Baba, me za ka yi da wannan?"

"Zan kai wa darakta."

"Mutumin da ko ƙafarsa bai sauke ba? Kai da bakinka ka ba mu labarin."

"Shi fa."

"Gara a sare ta tana ta Inna, da ta tsaya tana ta wani."

Bai ɗago ba. "Ke yarinya ce. In aka sare ta, kwana biyu za a yi ta zama itacen girki a gidan wani, ranar ba ta Innarku ba ce, ba ta kowa ba ce."

"Ƙarya ce fa, Baba."

"Na sani. Duk layin ƙarya ne, ni na raine shi. Ɗaya ce za ta gagare ni?"

Idonta ya kawo ruwa, ta shige ɗaki. Shi ma ba daɗi ya ji ba. Kunya yake ji, ta matar da ba ta nan balle ya ba ta haƙuri. Amma da babu gara ba daɗi, ya ci gaba da gugar har tagullar ta fara nuna masa fuskarsa.

Washegari ya ɗora allon a teburin darakta. Daraktan ya karanta, ya sake karantawa, ya miƙe tsaye. Mawaƙin bara ya mutu, ƙasa duka ta yi makokinsa, kuma yanzu duk wanda ya taɓa gaisawa da shi ya zama abin nema.

"Baba, wannan ai taska ce. A ina ya ɓuya?"

"A sito. An manta ba a kafa ba."

"Amma jiya ka ce matarka ce ta dasa."

Nan ne wurin da ya kwana yana tsoro. Ya dubi ƙasa ya ce, "Bokiti ta riƙe masa."

Daraktan ya dube shi na ɗan lokaci. Ba wawa ba ne, ya gane abin da ya gane. Amma kwamiti na neman abin da zai burge shugaba, ga shi ya faɗo masa a tebur. Ya ce, "Haka nake tsammani," ya ɗauki waya.

Kafin Litinin an kankare jan fentin. An matsar da dandamali gefe. An gina ginshiƙi da ya fi na kowa tsawo, aka kafa allon. Sannan aka yi abin da Haƙa-ka-matsa bai hango ba: aka kewaye madacin da shingen ƙarfe mai tsini, aka sa ƙofa da kwaɗo, saboda masoyan mawaƙin sun fara zuwa suna ɓantarar ɓawon suna tafiya da shi. Makullin yana ofishin darakta. Saiwar da yake zama a kai ta koma ciki. Ranar farko ya tsaya da kwanon abincinsa a hannu yana kallonta ta tsakanin ƙarafa, daga baya ya je ya ci a bakin sito.

Ana saura kwana biyu biki daraktan ya aiko a kira shi. Babban ɗan mawaƙin zai zo, kuma ya roƙi a samo masa wanda ya ga mahaifinsa yana dasawa, ya ba da labari a gaban jama'a. Za a naɗi maganar a sa a littafin cika shekara sittin.

"Kai kaɗai ka rage, Baba."

Ya so ya ce ba shi da lafiya, sai ya tuna tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ya kwana biyu yana haɗa labarin a ransa. Ba shi da wani dasawa da ya gani a wurin sai guda, don haka ya yanke shawarar ya faɗi wannan ɗin, ya dai sauya mai yin.

Ranar biki aka ba shi sabuwar rigar ma'aikata da ta yi masa yawa. Shugaba ya makara awa biyar. Ɗalibai sun gaji da ɗaga tutoci, 'yan makaɗa sun zauna a kan gangunansu. Da aka iso, aka yi jawabai, aka dasa sabon dashe da ledarsa kamar kullum, sannan ayarin ya taho gindin madacin. Ɗan mawaƙin dogo ne, ya sa baƙin tabarau irin na uban. Wani ya kama hannun Haƙa-ka-matsa ya jawo shi gaban masu ɗaukar hoto, aka sa masa makirufo a baki. Can a baya ya hango Auta tsaye cikin ma'aikatan ofis.

Ya fara daidai. "Ya zo da yamma. An yi ruwa da safe, wurin duk taɓo. Ya sauko ya karɓi shebur, ya juya shi, ya ce wannan na ado ne, ba zai shiga ƙasa ba."

Jama'a suka yi dariya. Ɗan mawaƙin ya gyaɗa kai.

"Sai ta jingina shi a kujera ta ce da hannu za ta yi. Ta durƙusa da ƙyar, don jikin ya yi nauyi, sai da na riƙe ta. Ta ɗauki dashen ta ga leda, ta ce haba, wa ya taɓa kwanciya da takalmi a ƙafa? Ba wuƙa a kusa, ta sa haƙori ta yage ledar."

Daraktan ya matso kusa da kunnensa. "Ya, Baba. Ya."

"Ya yage," in ji shi. "Ya sa shi a ramin, ya tura ƙasa da tafin hannu, a hankali, kamar mai lulluɓe yaro. Bokitin ba ruwa, masu kujeru sun wanke hannu da shi. Sai ta buɗe gorar ruwan da ta kawo mini, ta ce in yi haƙuri yau na yi baƙo, ta juye masa rabi ta bar mini rabi."

Yana jin kansa yana faɗa, yana so ya gyara, bakin ya ƙi. Ba ya ganin shugaba, ba ya ganin rumfa. Ita yake gani, da taɓo har gwiwar hannu, tana haki tana dariya.

"Da ta gama ta miƙe ta karkaɗe gwiwa, ta ɗaga hannu biyu yadda manya ke yi, ta juya dama ta juya hagu, ta ce na gode, na gode, ku zauna. Ni kaɗai na tafa mata. Ta ce in ya girma zai fi na kowa tsawo, don shi ba a yi masa jawabi ba."

Wurin ya ɗauki dariya da tafi, har shugaba ya murmusa ya ce wa na kusa da shi wani abu. Mai gabatarwa ya karɓe makirufo ya ce a yi wa Baba uzuri, tsufa ya sa namiji da mace sun haɗe masa a baki. Aka sake dariya. Ɗan mawaƙin ya cire tabarau yana share ido, ya rungume shi.

"Baba, na gode. Wallahi kamar ina ganinsa. Haka yake da barkwanci, ko a gida."

"Allah ya ji ƙansa," in ji Haƙa-ka-matsa.

Jiniya ta tashi, ayari ya wuce, jama'a suka watse suka bar robobin ruwa da takardu a ko'ina. Ya samu gefen ginshiƙin ministan nan mai jawabin itatuwa ya zauna, don ƙafar ta daina ɗaukarsa. Nan Auta ta same shi, da 'yar na'urar da aka naɗi maganar a hannunta. Ta zauna kusa da shi a ƙasa, ba ta damu da kayan ofis ɗinta ba.

"Ba ka taɓa gaya mana zancen gorar ruwa ba."

"Na manta da shi. Yau ya zo."

Ta juya na'urar a hannu. "Ni aka ba in buga. Darakta ya ce in gyara maka nahawu, duk inda ka ce ta in mayar da shi ya."

"To."

"Ba zan gyara ba, Baba. Yadda ka faɗa haka zan buga. Ko a nan ne ta samu wurinta."

Ya so abin, ya so shi ƙwarai. Amma ya san littafi. Yau an yi dariya an ce tsufa ne, gobe wani ɗalibi mai bincike zai zauna ya karanta a natse, ya ga mai durƙuso da nauyin jiki, ya ga kujeru ba kowa, ya fara tambaya. Daga tambaya sai a kwance allo, shi kuwa ya san abin da ke biyo bayan allon da aka kwance, kuma a lokacin ba ya nan balle ya roƙi kowa.

"Ki gyara," ya ce.

"Baba."

"Duka. Kar ki bar ko ɗaya. Zancen nauyin jiki ki cire shi gaba ɗaya, da inda na ce ni kaɗai na tafa."

Hawaye suka zubo mata. "To ita fa? Ina take a ciki?"

Ya ɗaga kai ya dubi madacin ta saman ƙarafan, har can inda rassan suka wuce rufin laburare.

"Ai ga ta nan a tsaye," ya ce.

Auta ta sa na'urar a jaka. Ya yunƙura zai tashi gwiwar ta ƙi, sai ya miƙa mata hannu ta ɗaga shi, ya tafi neman buhun da zai tsince robobin kafin a tashi aiki.